IDAN LITTATTAFAI BIYU SUKA SAƁA: LABARIN MUWON DA MASU LISSAFINSA

(Laccar da aka gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)





Ranar da takardar Sakataren Ƙungiya ta iso mini cewa ni ne zan yi magana a kan kimiyya, sai da gabana ya faɗi. Ilmin Fiziks ɗin da na karanta a jami'a na daɗe da rataye shi, abin da nake cin abinci da shi yau shi ne fayil da littafin kuɗi. Amma da na nutsu sai na ga akwai wani labari da na yi shekaru ina bibiya, wanda ya haɗa karatun nawa da aikin nawa. Labari ne na littattafan lissafi guda biyu da suka ƙi daidaita har tsawon shekaru ashirin, da yadda masu riƙe da su suka yi da kansu.

Kafin in shiga, akwai bashin da zan biya a wannan zaure. Muna aji biyar, malaminmu na Fiziks, Allah Ya jiƙansa, ya ba mu zare da ɗan dunƙulen ƙarfe da agogon awo, ya ce mu auna ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, wanda ake rubutawa da harafin g. Kowa ya san amsar littafi 9.8 ce. Nawa awon ya ba ni 10.4. Sai na goge, na faro daga amsa na komo baya, na ƙirƙiro alƙaluma masu kyawun gani. Malam ya duba takardata ya ce, "Kai yaro, agogon nan da hannun ɗan'adam ba sa yin awo goma iri ɗaya." Ya zana mini sifiri. Abokin zamana kuwa, wanda ya rubuta karkatacciyar amsarsa ya kuma bayyana inda yake zaton kuskuren ya shigo, shi ya kwashe maki. Ranar na ji haushi. Yau na zo in shaida wa jama'a cewa Malam ne da gaskiya.

MENE NE MUWON?

Ƙannena, kun san a cikin ƙwayar zarra akwai elektiron, wanda gudunsa cikin waya ke ba mu wutar lantarki. To, elektiron yana da wani ɗan'uwa mai suna muwon. Halinsu ɗaya, cajinsu ɗaya, sai dai muwon ya ninka shi nauyi sau 207, kuma ba shi da tsawon rai: a daƙiƙa ɗaya in an raba ta gida miliyan, gida biyu da ɗoriya kawai yake yi ya tarwatse. Carl Anderson da Seth Neddermeyer ne suka gano shi a Kalifoniya ta Amurka a 1936. Ba wanda ya yi tsammaninsa, har aka ce wani babban masani, Isidor Rabi, ya yi ba'a yana tambayar wa ya aika a kawo shi.

Kada ku ɗauka baƙo ne a nan. Ƙwayoyi masu tsananin gudu daga sararin samaniya suna dukan iskar da ke can sama, muwon na zubowa kamar yayyafi. A ƙiyasi, kowace daƙiƙa guda ɗaya na ratsa tafin hannunka. Tun da na fara magana dubbai sun wuce ta jikin kowannenmu.

Muwon ɗan ƙaramin maganaɗisu ne, kuma yana da wata ɗabi'a mai kama da juyi. Waɗanda suka yi wasan katantanwa sun san idan ta karkata tana cikin juyi, sai kanta ya riƙa tangaɗi yana kewayawa. Haka muwon ke yi in an sa shi cikin babban maganaɗisu. Saurin tangaɗin ya danganta da wata lamba da ke nuna ƙarfin maganaɗisunsa, wadda ita ma ake kira g, ko da yake ba ta da dangantaka da g ɗin da ta ba ni sifiri.

RARAR DA TA HAU KAN BIYU

A 1928 Paul Dirac na Ingila ya fitar da lissafin da ya ce g ta elektiron 2 ce cif. A 1947 Kusch da Foley suka auna a Jami'ar Kolombiya da ke Niyok, suka tarar ta ɗara 2 da ɗan kaɗan. Maimakon su share rarar, sai suka buga ta. A 1948 Julian Schwinger ya bayyana dalili da alƙalami, ya ce idan aka cire 2 daga g aka raba ragowar biyu, za a sami 0.00116. Awo ya yi daidai da lissafinsa. Saboda darajar wannan aiki, ƙa'idar lissafin tana sassaƙe a jikin dutsen kabarinsa.

Daga ina rarar take? A fahimtar masana, abin da muke kira fili fayau ba fanko ba ne. Ƙwayoyi iri-iri suna ɓullowa su ɓace cikin ƙiftawa da bismilla, kuma kowace ta gifta sai ta ɗan taɓa maganaɗisun muwon. Wato rarar nan tamkar rajistar baƙi ce: duk wata ƙwaya da ke cikin halitta, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba, ta sa hannu a ciki. Kuma saboda nauyinsa, muwon ya fi elektiron jin motsin ƙwayoyi masu nauyi wajen sau 43,000, wato 207 sau 207.

Ga dabarar ke nan. Masana suna da wani kundi da suke kira Daidaitaccen Tsari, wanda ya tattara duk ƙwayoyin da aka sani da yadda suke cuɗanya. Masu alƙalami za su lissafa rarar bisa wannan kundi, masu ma'auni kuma su auna ta a zahiri. In littattafan biyu suka daidaita, to, falillahil hamdu. In suka saɓa, kuma ba wanda ya yi kuskure, akwai wani baƙo da ya sa hannu wanda sunansa ba ya cikin kundi. An kuwa san kundin da saura, domin alal misali bai bayyana ɓoyayyen abin nan mai nauyi da masu nazarin taurari ke ganin tasirinsa a sararin samaniya ba. Duk wanda ya kama wannan baƙo, sunansa ya shiga tarihi.

WAHALAR MASU ALƘALAMI

Lissafin hawa-hawa ne. Schwinger ya yi hawa na farko da zane ɗaya tak. Hawa na biyu, Karplus da Kroll suka yi shi a 1950, aka yi shekaru bakwai ana amfani da amsarsu, sai a 1957 Petermann da Sommerfield, kowa da aikinsa daban, suka gano akwai kuskure, aka gyara. Hawa na uku zane 72 ne, na huɗu 891, na biyar 12,672. Toichiro Kinoshita, mutumin Japan da ya koyar a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa a kan wannan aiki. Shi da abokansa sun kammala hawa na biyar a 2012, yana da shekaru 87 a duniya.

Wannan ɓangare, wanda ya shafi haske da lantarki, shi ne fiye da kashi 99 cikin ɗari na rarar, kuma an ci ƙarfinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne wani ɗan ƙaramin kaso, wajen kashi 60 cikin miliyan na jimlar, wanda ke fitowa daga ƙwayoyin da ake kira kwak da ƙaƙƙarfan ƙarfin da ke ɗaure su a cikin cibiyar ƙwayar zarra. Wannan ƙarfi ba ya lissafuwa ta hanyar hawa-hawa, kuma daga wajensa kusan duk shakkar lissafin take fitowa.

Ku ji abin da ya faru a 2001. A watan Fabrairu, ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka ya ba da sanarwar cewa awonsa ya saɓa da lissafi, duniyar kimiyya ta ɗauka. Kafin shekarar ta fita, Marc Knecht da Andreas Nyffeler a birnin Marsel na Faransa suka sake bin wani yanki na lissafin, suka tarar an sa alamar ɗebewa a inda ya kamata a sa ta tarawa. Ayari biyu ne suka yi wannan kuskure, kuma ɗaya daga cikinsu na Kinoshita ne. Me dattijon ya yi? Ya koma ya bi aikinsa layi-layi, ya gano inda alamar ta juye, ya buga takarda ya bayyana wa duniya. Giɓin ya ragu ƙwarai. 'Yan'uwana ma'aikata, mu tambayi kanmu: a ofisoshinmu, manya nawa ne za su iya rubuta takarda su ce ƙaramin ma'aikaci ya kama su da kuskure, kuma shi ke da gaskiya?

ƘOƘARIN MASU MA'AUNI

Su kuma masu ma'auni sun fara ne a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba tun wajen 1959, suka rufe da sakamakon 1979. Brookhaven ta karɓa, ta fitar da rahoton ƙarshe a 2006. Da ƙarin awo da ƙarin lissafi, giɓin da ya ragu a 2001 ya sake buɗewa, ya ƙi rufuwa.

Na'urar awon wani zobe ne na maganaɗisu mai faɗin wajen mita 15. Ana zuba muwon a ciki suna kewayawa da gudun da ya kusa na haske, wanda ke tsawaita ransu kusan sau 29 kamar yadda ƙa'idar Einstein ta faɗa. Idan sun tarwatse, ɓurɓushinsu kan nuna inda kansu ya fuskanta, ta haka ake ƙirga saurin tangaɗin. A 2013 aka ɗauki zoben ɗungurungum, ta jirgin ruwa da babbar mota, tafiyar wajen kilomita 5,000, aka kai shi Fermilab kusa da Shikago, inda ake samun muwon masu yawa.

Akwai wata al'adarsu da nake so ƙannena su riƙe. Don kada son zuciya ya ja hannunsu zuwa amsar da suke buri, sai suka sa waɗansu mutum biyu da ba sa cikin ayarin suka karkatar da agogon awon da wata lamba ta sirri, aka rufe ta cikin ambulan. Suka gama duk nazarinsu a makance, suka amince ba sauran gyara, sa'an nan aka buɗe ambulan. Wato sun ɗaure hannunsu da kansu daga irin abin da na yi a aji biyar.

Ranar 7 ga Afrilu, 2021, suka faɗi sakamakon farko, ya gaskata na Brookhaven. A nasu ɓangaren, masu alƙalami sun riga sun kafa gamayya tun 2017, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Aida El-Khadra ta Jami'ar Illinois, kuma a 2020 su fiye da ɗari suka fitar da amsa guda. Da aka jera biyun sai ga giɓi. In na mayar da shi harshen ofishinmu, tamkar a asusun Naira biliyan ɗaya ne aka nemi wajen Naira 2,150 aka rasa. Ku ce kuɗin ƙwandala ne, amma gejin shakkar littattafan biyu a haɗe wajen Naira 500 ne kacal. Masana na auna irin wannan da ma'aunin sigma. Giɓin ya kai sigma 4.2, wato yiwuwar a ce katari ne kawai ɗaya ce cikin wajen 40,000. Ƙa'idarsu ita ce ba a shelar gano sabon abu sai an kai sigma 5. Saura ƙiris ke nan.

MAI ƁATA BIKI

A wannan rana dai ta 7 ga Afrilu, mujallar Nature ta buga aikin wani ayari da ake kira BMW. Ba motar da wasu yayyenmu suka zo da ita ba ce, farkon sunayen garuruwa uku ne: Budapest a Hangari, Marsel a Faransa, da Wuppertal a Jamus. Jagoransu Zoltan Fodor. Amsarsu ta ce giɓin da ake ta murna a kansa, mai yiwuwa babu shi.

Dalili kuwa, hanya biyu ce ake bi a samo ɗan kason nan mai wuya. Ta farko, wadda gamayyar 2020 ta dogara da ita, ita ce a ari awon wasu ɗakunan bincike da ke gwara elektiron da kishiyarsa, a ƙirga sau nawa ake samun ƙwayoyin da aka gina da kwak, musamman tagwayen da ake kira fayon, sa'an nan a zuba alƙaluman cikin lissafi. Ta biyu, wadda Kenneth Wilson ya assasa a 1974, ita ce a yanka sarari da lokaci gida-gida kamar gurabun dara, a bar manyan kwamfutoci su warware ƙa'idar kai tsaye. Shekara da shekaru hanyar dara ba ta da kaifin da za ta yi gogayya da ta farko. BMW ne suka fara sauko da shakkarta ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, kuma amsarsu ta matso kusa da awon Fermilab.

Ba a tafa musu nan take ba, ba a kuma kore su ba. Aka ce waɗansu su sake. Ayarori a Jamus da Amurka da Ingila da sauran ƙasashe suka zaɓi wani yanki na lissafin da ya fi sauƙin tantancewa, kowa ya yi nasa. Daga 2022 amsoshi suka riƙa fitowa, suna goyon bayan BMW. Daɗin daɗawa, a Fabrairun 2023 gwajin CMD-3 a birnin Novosibirsk na Rasha ya sake auna tagwayen fayon, ya sami adadin da ya zarce na duk waɗanda suka gabace shi, har da na magabacinsa CMD-2 da aka yi a cibiya guda. Dama tun da farko awon KLOE na Italiya da na BaBar na Amurka ba su jitu sosai ba. Ashe rasitan da aka gina littafin farko a kansu, su kansu ba bakinsu ɗaya ba.

A Agustan 2023 Fermilab ta fitar da sakamako na biyu. Da an gwada shi da lissafin 2020, ya haye sigma 5 ɗin da aka yi shekaru ana jira. Amma ba su buga tambari ba, domin sun san ƙasan lissafin tana rawa.

A ƙarshen Mayun 2025 gamayyar masu alƙalami, yanzu su fiye da ɗari biyu, ta fitar da sabon rahoto. A ciki suka ce saɓanin da ke tsakanin awon ɗakunan gwara ƙwayoyi ya yi yawan da ba za a iya haɗa su a raba daidai a kira abin amsa ba, saboda haka suka jingine wannan hanya suka ɗauki ta dara. Ranar 3 ga Yuni, 2025, Fermilab ta faɗi sakamakonta na ƙarshe, da shakkar kashi 127 cikin biliyan ɗaya. Kamar a auna tazarar kilomita 1,000 ne, kusan Kano zuwa Legas, kuskuren bai kai taƙi ɗaya ba. Ga alƙaluman rarar, in an ninka ta sau biliyan ɗari don sauƙin karantawa:

Lissafin 2020: 116,591,810, shakka 43.
Lissafin 2025: 116,592,033, shakka 62.
Awon duniya a haɗe, 2025: 116,592,071.5, shakka 14.5.

Tsakanin biyun ƙarshe bambancin wajen 38 ne, alhali shakkarsu a haɗe 63 ce. Wato giɓin ya nutse cikin shakka. Awo bai gusa daga inda yake ba, lissafi ne ya taso ya same shi.

Wannan bai rufe fayil ɗin ba. A rahoton na 2025 shakkar lissafi ta ninka ta awo sau huɗu, har ta fi ta 2020 girma, kuma masu rahoton da kansu suka rubuta haka. Ƙaramin baƙo na iya ɓuya a cikin wannan tazara. Sa'an nan dalilin saɓanin hanyoyin biyu ya zama sabon abin bincike. Don haka aka tsara sabon awon muwon ta wata dabara daban a cibiyar J-PARC ta Japan, da wani gwaji mai suna MUonE a CERN da zai auna kason nan mai wuya ta hanya ta uku.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe Shugaban taro, wani zai ce shekaru ashirin da dukiya mai yawa sun tafi a banza, tunda ba a kama baƙon ba. Ni ban ga haka ba. Mutanen nan suna son giɓin ya tabbata fiye da yadda ɗalibi ke son cin jarrabawa, domin sunansu da lambobin yabonsu suna rataye a kansa. An ce so hana ganin laifi. Duk da haka, da hannunsu suka tono abin da ya rushe burinsu, suka buga shi, suka sa sunayensu a ƙasa.

Mu da ke aikin gwamnati mun san abin da ake yi idan littafin kuɗi da takardar banki suka ƙi haɗuwa ana gobe masu binciken kuɗi za su zo. Akwai mai cewa a nemo wata lamba a cusa don jimla ta yi kyau. Akwai mai cewa a raba bambancin biyu kowa ya huta. Kaɗan ne za su rubuta cewa ga giɓi, ga girmansa, ga inda muke zargi, a ba mu lokaci. Daga irin waccan cushe-cushe ake samun ƙidayar ɗalibai da ba ta dace da kujerun aji ba, da rijiyar da ke cikin rahoto amma babu ita a ƙauye. Wanda ke shan wahalar ƙarshe shi ne talakan da aka yi kasafi da sunansa.

Ƙannena ɗalibai, idan kun shiga ɗakin gwaje-gwaje ranar Litinin, ku rubuta abin da agogo ya nuna, ko da ya saɓa wa littafi, ku kuma rubuta iyakar abin da kuke shakka. In aka kama ku da kuskure, ku gode, ku gyara a fili. Wanda ya saba goge 10.4 yana aji biyar, in ba a tare shi ba, wata rana miliyoyi zai goge.

Ga 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai kuma ina da roƙo guda. Na leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu da safiyar nan. Ina ba da shawarar cewa cikin gudummawar bana a ware wani kaso don sayen agogunan awo da ma'aunai da maganaɗisu, domin yaron da bai taɓa auna komai da hannunsa ba, ba shi da abin da zai rubuta sai amsar littafi. Ni na ɗauki nauyin agogo goma, a madadin sifirin da Malam ya ba ni.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya mai da kowa gidansa lafiya.